Mai Hawa Rufin Andrawus

A unguwarmu da ke Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, akwai wata al'ada da babu wanda ya san ranar da aka kafa ta, amma kowa ya taso ya tarar ana bin ta. Idan namiji zai hau rufi, ko don toshe yoyo ko don sauya kwanon da iska ta ɗaye, sai ya fara tsayawa jikin katanga ya ɗaga murya ya nemi gafarar maƙwabta, sannan ya dakata har matan gidajen da ke kewaye su gyara lulluɓinsu ko su shige ɗaki. Katangunmu an gina su ne don kare idon wanda ke tsaye a ƙasa. Wanda ya hau sama kuwa yana ganin komai, daga madafa da igiyar shanya har makewayin da ba shi da rufi. Da yake hawa rufi abu ne na jifa-jifa, al'adar ba ta taɓa takura wa kowa ba, sai da sola ta shigo unguwar.

Ta shigo ne ta hannun ƙungiyar gama-kai da magidanta suka kafa bayan sun gaji da jiran wutar lantarki. Tsarin mai sauƙi ne, rabinsa adashi rabinsa gayya. Kowa na zuba abin da aka amince a kai, a sayo kaya a dunƙule daga Kaduna don a sami rangwame, sannan a jefa ƙuri'a a fitar da gidan da za a kafa wa. Kayan gida guda ba su da yawa: farantin da ke kan rufi yana karɓar rana, batir, ƙwayayen fitila, wurin cajin waya, da fanka. Ranar kafawa 'yan ƙungiya su ne ma'aikatan, Ɗalha mai gyaran rediyo kuma, wanda ya je ya koyo aikin aka naɗa shi shugaba, shi ke nuna inda kowace waya za ta bi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya saboda zaman lafiya: ba a kafa wa mutum sai maƙwabcin da suka haɗa katanga ya yarda. In bai yarda ba, kayan su wuce gida na gaba, shi kuma ya koma ƙarshen layi.

Ƙuri'ar farko ta faɗa kan Andrawus, manomi ɗan Gbagyi da ya haura sittin, wanda ya baro gonarsa ta wajen Kakangi a shekarun da zama a bakin daji ya gagara saboda 'yan bindiga. Da aka kira sunansa, sai ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Mutane suka yi dariya, domin duk unguwar an san dalilin da ya sa yake son fankar nan fiye da kowa.

Matarsa Comfort, wadda ake kira Maman Obed, ta tafi Kaduna tun bayan girbi don yi wa 'yarsu wankan jego. Jego ya ƙare, jariri ya fara zama, bazara ta shigo da zafinta, ba ta dawo ba. Duk sa'ad da ya kira ta ya tambayi ranar dawowa, amsarta ɗaya ce: ranar da ya gaya mata fanka na juyawa a ɗakinta, ranar za ta nufi tasha. Cikin raha take faɗa, shi ma cikin raha yake ba da labari a majalisa. Amma idan ya zauna shi kaɗai da kwanon tuwon da ya tuƙa da kansa, wani tunani yakan zo masa, cewa wataƙila fankar hujja ce kawai. Wataƙila matar da ta taɓa kwana a cikin dawa da jika a bayanta ta ɗanɗana barci marar fargaba, ba ta kuma son komawa garin da ake hango daji daga bayansa. Bai taɓa tambayarta ba. Ya fi son ya kawo fankar ya ga abin da zai biyo baya.

Maƙwabcinsa na kudu shi ne Bappa Wakili, dattijon Bafulatani da ya daɗe da barin yawon kiwo, ya bar wa 'ya'yansa shanu, shi kuma ya riƙe tattabaru. Shekara da shekaru suna zama a benci ɗaya da yamma, suna tsokanar juna a kan wanda ya fi wani rowa. Don haka da Andrawus ya ɗauki Ɗalha suka je neman izini, ya tafi ne kamar mai zuwa aron gishiri.

"Ku hau mana," in ji Bappa Wakili. "Ku yi magana da safe, iyali su shiga ɗaki, ku gama ku sauko. Ai ko rufin nan da ni aka yi shi. Wannan mutumin bai iya riƙe guduma ba."

"Allah ya saka da alheri, Bappa," in ji Ɗalha. "To, sai kuma shafewa."

"Wace shafewa?"

"Farantin ba ya son datti. Ƙurar manyan motoci tana sauka a kai, ga kashin tsuntsaye. In ya rufe, wuta ta ragu. Sai an riƙa hawa ana goge shi da ruwa da tsumma, ko da sau ɗaya ne a mako."

Bappa Wakili ya ajiye asawakinsa. "Duk mako?"

"Duk mako, Bappa."

"Har zuwa yaushe?"

Ɗalha ya sosa ƙeya. "Muddin ana son wuta."

Dattijon ya dubi rufin Andrawus, inda tattabarunsa suka jeru a kan tozon kwano suna gurnani.

"Baban Obed," ya ce a hankali, "ka san ba na ƙin ka da alheri. Amma gidan nan akwai iyalina, akwai surukaina mata biyu, akwai jikoki 'yan mata. Ranar aiki guda in ce su shiga ɗaki, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne. In ce su riƙa shiga ɗaki duk mako har ƙarshen rayuwa don kai ka sha iska, wannan ba zan iya faɗa musu ba."

"Zan juya baya in goge," in ji Andrawus.

"Ka juya baya ka faɗo mini a kan tukunya?"

"Tattabarunka ne fa za su ɓata shi."

"Su suna hawa ba sa ba da labari. Kai kuwa in ka ga abin da muka dafa, kafin azahar an ji a kasuwa."

Suka yi dariya su ukun, amma dariyar ba ta sauya komai ba. Ɗalha ya kawo dabaru iri-iri, kowace ta rushe. A kafa farantin a ƙasa: tsakar gidan Andrawus inuwar mangwaro ta cinye shi, ga awaki. A mayar da shi ɓangaren arewa na rufin: can yana fuskantar titi, inda hannun ɓarawo zai kai, kuma ba zai sami rana yadda ake so ba. A ɗaura tsumma a doguwar gora a riƙa gogewa daga ƙasa: aka gwada, gorar ba ta kai ba sai an taka tsani, wanda ya taka tsani kuwa kansa ya riga ya wuce katanga. Wani ya ce a ƙara wa katangar tsayi. Bappa Wakili ya ce in aka kai ta inda za ta kare rufi, shi ma sai an saya masa fanka, domin an toshe masa iska.

A ƙarshe Ɗalha ya faɗi abin da ba ya son faɗa. Kaya sun iso, mutane na jira, ranar Asabar za a yi gayyar kafawa. In ba a sami mafita ba, za a kai su gidan da ke biye.

Andrawus bai yi fushi da maƙwabcinsa ba, kuma wannan ne ya ƙara masa nauyin abin. Da Bappa ya ƙi ne don hassada, da ya san abin da zai ce masa. Amma mutumin ya faɗi gaskiya ne, irin gaskiyar da shi kansa zai faɗa in da shi ne a wancan gefen katangar.

Washegari da hantsi yana tsugune a tsakar gida daga shi sai gajeren wando, yana wanke rigarsa ta zuwa coci, sai ya ji murya daga sama.

"Sannu da wanki, Baban Obed. Sabulun ya yi yawa, za ka kashe rigar."

Ya ɗaga kai. Inna Saliha ce, matar Bappa Wakili, zaune a kan rufin madafarta tana baza barkono a tabarma. Ya yi wuf ya rufe ƙirjinsa da jiƙaƙƙiyar rigar.

"Inna, tun yaushe kike nan?"

"Tun kana neman bokiti."

"Ba ki nemi gafara ba."

"Gafarar me? Tun da kuka tare a gidan nan nake shanya a nan. Na ga ranar da ka ƙona wake, na ga ranar da akuya ta ture ka. Wa ya taɓa cewa mace ta nemi gafara?"

Andrawus ya tsaya da rigar a ƙirji, ruwan sabulu na bin cikinsa. Ya yi shekaru yana bin al'adar nan bai taɓa lura da inda ta tsaya ba. Idon namiji aka yi ta don karewa. Mata kuwa suna hawa shanyar kuɓewa da barkono ba tare da kowa ya ɗaga kai ba.

"Inna," ya ce, "in mace ce ke hawa ta goge farantin fa?"

"Sai mu gaisa da ita," in ji Inna Saliha, ba ta ko daina baza barkonon ba. "Amma kada ka dube ni. Gwiwata ba ta wuce madafa, kuma ba zan shiga gidan da matarsa ba ta nan ba. Kana da mace. Kira ta. Ni ma na gaji da magana da kaji."

Da yamma ya kai wa Bappa Wakili maganar a benci. Dattijon ya juya ta ta kowane gefe yana neman inda ta ɓule, bai samu ba.

"In Maman Obed ce za ta riƙa hawa, ban da magana," ya ce. "Amma sai na gan ta da idona ranar Asabar. Na san ka. Za ka ce tana hanya, a kafa, sannan in wayi gari in ga ƙaton kanka a sama da ɗankwali."

A nan ne Andrawus ya ga irin ƙullin da ya shiga. Ita ta ce ba za ta zo ba sai akwai fanka, fanka kuma ba za ta samu ba sai ta zo. Ya daɗe yana juya wayar a hannu kafin ya danna.

"Baban Obed, lafiya?" in ji Comfort. Yana jin kukan jariri a bayanta, yana kuma jin wani sauti mai kama da fanka.

"Lafiya lau. Ƙuri'a ta faɗo kanmu."

"Na ji. Matar Ɗalha ta riga ka. An kafa?"

Ya yi mata bayani tun daga farko, da tattabaru da gora da barkonon Inna Saliha. Ta saurara har ya gama, sannan ta yi dariyar da ya daɗe bai ji ba.

"Tsaya in gane. Na ce ka kawo mini fanka in zo. Yanzu kana cewa in zo in kawo maka fanka."

"Kusan haka ne."

"Kuma a shekaruna in riƙa hawa rufi kamar ƙadangaruwa."

"Ke da kike shiga rumbu ki fito da dami a kafaɗa?"

"Wannan da can ne. Yanzu ni 'yar birni ce, ƙafata ta yi laushi."

Ya so ya mayar mata da wasa, amma wasan ya maƙale. Ya ce, "Maman Obed, in ba fankar ba ce, ki gaya mini. Ba zan ga laifinki ba. Ni ma wani lokaci in na ji babur ya wuce da gudu sai gabana ya faɗi. Ni dai gidan ya yi mini girma ni kaɗai."



"Wace rana ka ce?" ta tambaya.

"Asabar."

"Na ji," ta ce, sannan ta kashe wayar. Ba ta ce tana zuwa ba, ba ta ce ba ta zuwa ba.

Ranar Asabar 'yan ƙungiya suka taru a ƙofar gidan da tsani da kwalin kaya. An dama kunu, an soya ƙosai, kamar yadda ake yi wa 'yan gayya. Bappa Wakili ya fito da kujerarsa ya zauna a inuwa, ya ce shi bai hana a sha kunu ba, amma kada ƙafa ta taɓa tsani. Rana ta yi sama, kunu ya ƙare, hira ta fara tsinkewa. Mutumin da ke biye a ƙuri'a ya riƙa duban kwalin yana kau da kai don kunya. Andrawus kuwa ya share ƙofar gidan da ya riga ya share.

Ɗalha ya matso ya ce masa a hankali, "Baba, in kwano ya ɗauki zafi ba ya hawuwa."

"Na sani."

Ba su rufe baki ba ɗan acaɓa ya karyo kwana ya tsaya. Comfort ta sauko, ta gyara zani, ta gaida maza ɗaya bayan ɗaya. Andrawus bai dubi fuskarta sosai ba, hannunta ya duba. Ƙaramar jaka ce kawai, irin wadda ake riƙewa in za a kwana ɗaya. Alhali da babbar jaka da tukwane biyu ta tafi Kaduna.

"Baban Obed, ka rame," ta ce.

"Tuwona ne."

"Na ji labarinsa." Ta juya wajen Bappa Wakili ta rusuna. "Bappa, ina wuni? An ce kai ka hana mijina iska."

"Ni na dawo masa da matarsa, bai ko gode ba," in ji dattijon. Ya miƙe ya leƙa zaurensa ya yi magana, sannan ya dawo ya ce wa Ɗalha, "Ku hau. Sun shiga."

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka ɗaure ƙarafa a kan kwano, aka ɗora farantin ya ɗan kishingiɗa yana kallon kudu, aka zuro waya ta ƙarƙashin rufi zuwa ɗaki inda batir yake. Da maza suka sauko, Ɗalha ya miƙa wa Comfort tsumma, ya nuna mata layin ƙusoshi inda katako yake a ƙasa, ya ce nan kaɗai za ta riƙa takawa. Ta cire takalmi, ta ɗaure zani tamau, ta ɗora ƙaramin bokitin ruwa a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ta kama tsani da hannu ɗaya. Andrawus ya riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu, ya fi ta gumi.

Tana kaiwa sama sai aka ji muryar Inna Saliha daga wancan gefen.

"Maman Obed, ke ce a sama kamar shirwa?"

"Ni ce, Inna. Kai, kin sauya wa murhu wuri?"

"Tun yaushe. Yaya jaririn? Wa ya ɗauko?"

"Hancin kakansa, Allah ya kiyaye."

Matan gidan Bappa duk suka fito tsakar gida, aka shiga gaisuwa da tambayar Kaduna. Gogewar da ba ta wuce shan ruwa ba ta koma hira, maza na tsaye a ƙasa suna jira a kunna. Can hirar ta lafa. Andrawus ya ja da baya ya ɗaga kai, ya ga matarsa ta miƙe tsaye da tsumma a hannu, ta juya tana duban inda rufin kwano ya ƙare, gonaki suka fara, bayan gonakin kuma duhun daji ya kwanta. Ta daɗe tana kallo. Bai kira ta ba.

Da ta sauko aka shiga ɗaki, iya waɗanda ɗakin ya ɗauka. Ɗalha ya ce ita za ta danna. Ta danna. Fankar ta yi kamar tana shawara, sannan ta fara juyawa, labulen ƙofa ya motsa. Mutane suka yi ta sa albarka, Bappa Wakili ya tura kansa gaban iskar ya ce a ba shi wuri tun da da yardarsa aka yi.

Bayan an watse, Comfort ta zauna a bakin gado, ƙaramar jakar na gefenta ba ta buɗe ba. Andrawus ya tsaya a bakin ƙofa.

"Motar Kaduna da safe take tashi," ya ce, yana duban ƙasa.

"Na sani, ai ita ta kawo ni." Ta ɗaga fuska iska na kaɗa mata ɗankwali. "Na duba daga sama. Dajin yana inda na bar shi, bai matso ba. A Kaduna kullum sai in ga kamar ya iso bayan katanga. Kuma tattabarun Bappa sun fi yadda ka faɗa. Kafin in sauko ɗaya ta riga ta yi aikinta. Wannan ba abin da za a bar wa mako guda ba ne."

"To?"

"To ka je tasha wajen mai shayi, ka karɓo jakata da tukwanena. Na ajiye su ne sai na gani."

Andrawus ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya fita da sauri har ya manta takalmi, ya dawo ya saka.

A ƙofar gida ya tarar da Bappa Wakili a benci, sanye da babbar riga da hula a wannan zafin.

"Ina za ka haka, Bappa? Ɗaurin aure?"

"Babu inda za ni," in ji dattijon. "Matar Ɗalha ta ce in layi ya zo kansu ita za ta riƙa hawa. Matan bayan masallaci ma haka. Daga yau ba wanda zai sake zama da singileti a tsakar gidansa. Kai ka jawo mana."

"Sai ka nemi su riƙa neman gafara."

"Na faɗa wa iyalina. Ta ce in na ji motsin tsani in shiga ɗaki."

Andrawus ya yi dariya ya nufi tasha. Bayansa, ta tagar ɗaki, yana jin Comfort tana kiran Inna Saliha ta zo ta ji iska.